Koken Rayyis Shihata

Litinin, 14 ga Zulhajji, bayan azahar

Sun tafi da Shihata.

Na rubuta, na zauna ina kallon rubutun kamar wani ne ya yi shi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Da safen nan muka sha gahawa tare a rumfar Madbuli, har yana tsokanata wai tawada ta cinye mini yatsu. Ni na wuce tabarmata a ƙofar gidan alƙali, inda na shekara ashirin da biyu ina rubuta wa mutanen Rashid takardun koke, shi kuma ya gangara bakin kogi da kwandon kankana a ka. Ban ankara ba sai gudu. Mata na gudu, jakuna na gudu, wani mai kifi ya wuce ni babu rawani.

Sojoji ne suka toshe bakin gaɓa gaba da baya, suka tattare duk namijin da ke tsakiya. An ce jiragen ruwa na yaƙi da ke Iskandariyya ne ke neman mutane. Wasu sun ce arba'in aka kwasa, wasu sun ce sittin. Kafin in isa an ɗaure su bibbiyu an zuba a jirgi. Kankanar kawai na tarar a ƙasa, an tattake ta.

Matarsa Zannuba ta sani. Inna ba ta sani ba tukuna.

Litinin ɗin dai, gab da magariba

Na gaya wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in je in dawo da shi, sai ka ce a kasuwa na manto shi.

Talata, 15, da hantsi

Madbuli ya ga komai daga rumfarsa, kuma tun jiya bakinsa bai huta ba.

Ya ce, "Wallahi Sidi Bayyumi, da idona. Shawish ɗin, sajan sojojin nan, yana bi yana juya tafin hannun kowa yana shinshinawa. In ya ji warin kwalta irin na ma'aikatan jirgi, gefe guda. Da ya zo kan Rayyis sai na ji yana cewa, 'Ranka ya daɗe, ni manomi ne, kankana na kawo daga ƙauye. Ko kwale-kwale tsoronsa nake ji.'"

Na ce, "Wa? Shihata?"

"Shi fa! Har da karkace baki irin na mutanen ƙauye. Ba don tashin hankali ake ciki ba da na yi dariya."

"To me ya sa suka ɗauke shi?"

"Shawish ya ce manomi ma hannu biyu gare shi."

Manomi. Mutumin da shekara ashirin ke nan shi ke shigo da jirage ta bugaz, inda kogi ke karo da teku, inda yashi ke sauya wuri a ƙarƙashin ruwa kamar yana da ƙafa. Manyan jirage kan tsaya a waje su jira Rayyis Shihata, wato jagoran matuƙa, ko da kwana biyu ne. Gaskiya ne ya yi kwanakin sallah a gonar surukinsa, yana sanye da shuɗiyar rigar gona, da ƙasa a farce. Amma ya buɗe baki a gaban rabin gari ya ce tsoron kwale-kwale yake ji? Na ji kunya, wallahi, bayan tashin hankalin kuma na ji kunya. Tsoro ne kawai. Tsoro kan sa mutum ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa.

Laraba, 16, bayan la'asar

Tun da na shimfiɗa tabarma ban ɗaga kai ba. Mata har bakin titi, kowace da nata. Koke talatin da ɗaya na rubuta, kuma duk abu ɗaya ne da sunaye daban. Yau kaɗai na makantar da mutum tara, na sa wa goma sha ɗaya ciwon ƙirji, na mai da ƙarti shida 'ya'yan tilo alhali na san 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karanta takardun nan zai ɗauka babu mai lafiya ko ɗaya a Rashid.

Wata tsohuwa ta ce, "Sa masa gurguntaka, ɗana."

Na ce, "Iya, da ƙafarsa ya yi tseren da sojoji uku suka sha wuya kafin su kama shi."

Ta ce, "Ai su ukun ba su ne za su karanta ba."

Na sa masa. Ina rubutawa ina sane da inda irin waɗannan ke ƙarewa. Babu Afandin ofishin hukuma da zai karanta ciwon ƙirji sau ɗari ya ji wani abu a nasa ƙirjin.

Ban rubuta na Shihata ba. Nasa ba irin wannan ba ne.

Alhamis, 17, da hantsi

Zannuba ta zo ta shiga layi kamar baƙuwa. Da na hango ta na ce ta matso gaba, ta ƙi, sai da aka zo kanta.

Ta ce, "Yaya, rubuta. Manomi ne, a gonar babana yake aiki, bai taɓa taka jirgi ba."

Na ajiye alƙalami na yi mata bayani a hankali. Akwai ƙa'ida: ba a taɓa masu jagorar bugaz, don shinkafar hukuma da kanta ta nan take fita. Shekara tara da suka wuce an kama Rayyis Abu Zaid haka, fataken shinkafa suka sa hatimi, ni na rubuta, kwana uku ya dawo gida a kan jakin hukuma.

Ta ce, "Lokacin ana yaƙi?"

"Ƙa'ida ƙa'ida ce."

"Yaya, shi da bakinsa ya ce manomi ne. Yana da dalilinsa."

"Dalilinsa tsoro."

"Shihata? Mutumin da ke shiga bugaz ana hadari yana cin gurasa da hannu ɗaya?"

Raina ya ɓaci, ga mata sun zuba mana kunne. Na ce, "Ke yanzu kin fi ni sanin koke?"

Ta ce, "A'a. Na dai fi ka sanin mijina."

Wata a baya ta yi 'yar dariya. Na ce ta dawo jibi.

Juma'a, 18, bayan an sauko

Liman ya yi wa jirage addu'ar nasara. Ban taɓa jin amin mara ƙarfi irin ta yau ba.

Asabar, 19, da hantsi

Na gama takardar Shihata. Sau uku na sake ta, a kan farar takarda mai kauri da na daɗe ina ɓoyo, da sabon alƙalami. Tun da nake ban taɓa rubuta koke kamar wannan ba, kuma babu ƙarya ko ta harafi ɗaya a ciki. Na faɗi shekarunsa ashirin a bugaz. Na faɗi shekarar da ya fito da jirage bakwai cikin yini ɗaya ruwa yana hauka. Na ce yana gane zurfi da launin ruwa, yana jin iska za ta juya tun ba ta juya ba. Na ce garin da aka raba da irin wannan, an raba shi da ƙofarsa. Na zagaya fataken shinkafa, tara sun buga hatimi, ɗaya har ya nemi in sake karanta masa don daɗi.

Sannan na sa alama, kamar yadda duk marubucin da ya san aikinsa zai yi. Suna kaɗai ba ya isa, Shihata sun yi yawa a ƙasar nan, kada a saki na wani a bar mini nawa. Na rubuta tabon da igiya ta yi masa a hannun hagu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Na kwafe ta biyu, ɗaya don in ajiye.

Asabar, bayan la'asar

Zannuba ta dawo. A sana'armu ba a barin mai koke ya dangwala yatsa sai an karanta masa daga farko har ƙarshe. Malamina bai taɓa yafe wannan ba, ni ma ban taɓa tsallake shi ba. Na riƙe takardar na karanta mata.

Ta saurara kanta a ƙasa. Da na gama ta ce, "Haka nake so. Wurin nan da ka ce bai taɓa taka jirgi ba, ya yi mini daɗi. Allah ya saka da alheri, Yaya. Ka yafe mini maganar shekaranjiya."

Ta ga hatiman ta ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Shaidu."

Ta dangwala yatsa a tawada ta danna a ƙasa.

Ba zan tsaya a kan wannan ba. Idan ya dawo ita ce za ta fara gode mini.

Litinin, 21, Iskandariyya, bayan la'asar

Yini guda a kan jaki, bayana kamar ba nawa ba. Ƙofar gidan jirage cike take da mata, daga Dumyat, daga Fuwa, daga garuruwan da ban taɓa ji ba, kowace da takarda a hannu tana ɗagawa sama. Wani soja na karɓa yana jefawa a kwando. A gabana ya zari ɗaya ya naɗe gasasshen kifinsa da ita. Na so ƙwarai a ce Zannuba tana nan ta gani.

Ni na ƙi ba shi tawa. Na tsaya a rana har azahar, sai ga wani siririn Afandi mai mura ya fito, na tare shi. Ya karɓa don ya rabu da ni, ya fara karantawa yana tafiya, sai ya tsaya. Ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Bawanka."

"Hannu mai kyau. Duk abin da ke ciki gaskiya ne?"

"Ga hatimi tara, ranka ya daɗe."

"Shekara ashirin yana tuƙi, kuma yana nan cikinmu?" Ya share hanci. "Ikon Allah. Ka kyauta, Sidi. Ka kyauta ƙwarai."

Bai jefa ta kwando ba. Ya ninke ta ya sa a ƙirjin rigarsa, ya koma ciki da sauri, ya fasa ma inda za shi. Na ci abinci yau kamar na shekara ban ci ba.

Laraba, 23, da yamma

Na dawo. Na ce wa Inna ta sa rai cikin kwana uku. Ta sa Zannuba ta shanya shimfiɗarsa, ta aika a sayo kifin gishiri irin wanda yake so.

Juma'a, 25, da hantsi

Shiru.

Lahadi, 27, bayan azahar

Na Abu Zaid kwana uku ne. Yau shida. Amma yanzu aiki ya yi musu yawa, takarda sai ta bi hannu da hannu.

Ruwan kogi ya fara yin jajawur, cikowa ta taso, yashin bugaz zai sake wuri gaba ɗaya. Jiya wani jirgin shinkafa ya kafe, aka yini ana sauke kaya da kwale-kwale. Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Na ce yanzu za su ga abin da takardata ke faɗa.

Talata, 29, bayan la'asar

Zannuba ta kawo mini shinkafa da kifi har tabarmata, ta ce na rame. Ta zauna tana ba wata mata labarin yadda Afandi ya sa takardarmu a ƙirji. Ta ce, "Yayanmu ba ya rubutu a jefar." Na ce mata cikina ne ba daɗi, na ba Madbuli abincin.

Takarda ce mai kyau. Ko yanzu aka ce in sake, haka zan rubuta.

Alhamis, 2 ga Muharram, bayan azahar

An sako mutum bakwai. Guɗa ta tashi daga ƙofar yamma, na bar tawada a buɗe na ruga, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba. Sun shigo a ƙasa, ƙafafu a kumbure, an aske musu kai. Na ƙirga fuskoki sau uku.

Babu shi.

Wai an kore su ne don ba su da amfani. Akwai Gaballah ɗan dako a ciki, wanda ke sauke buhuna a jirgin Shihata. Na kira shi, ya dube ni, ya kau da kai, matarsa ta ja shi suka wuce. Wataƙila gajiya ce. Masu daraja ai ba a sako su tare da 'yan dako, sai an yi musu takarda.

Juma'a, 3, bayan an sauko

Gaballah ya ja ni bayan masallaci, wajen randunan alwala. Zan rubuta yadda ya faɗa, ba ƙari.

Ya ce, "Sidi, mu da aka ce ba mu san ruwa ba, rumfa guda aka ware mana ana koya mana aikin jirgi. Wallahi duk cikinmu babu daƙiƙi kamar Rayyis. Ya ƙulla igiya, ta warware. A ce ja, ya saki. Da an sa shi a kwale-kwale sai ya faki ido ya tura yatsa a maƙogwaro, ya kwarara amai a takalmin shawish. Bulala kuwa kullum, bayansa duk ya fashe. In an ba mu gurasa sai ya ce, 'Ku daure, 'yan'uwa. Abinci ba ya isar su, ba za su ciyar da jakin da ba ya ɗaukar kaya ba. Wanda ya nuna ya iya, shi za a kai wa wuta.' Shi ya koya mana yadda ake zama wawa. Mu bakwai ɗin nan, shi ya fito da mu."

Na ce, "To shi fa?"

"Mu takwas aka kira shekaranjiya. Mu takwas, Sidi. An buɗe ƙofa, muna ganin titi, ina ganin mai sayar da ruwa da salkarsa. Sai ga wani Afandi mai mura da takarda. Ashe sun yi kwanaki suna neman wani Rayyis Shihata cikin ma'aikatan jirgi ba su same shi ba. Ya ce, 'Wane ne Rayyis a cikinku?' Muka yi tsit. Shi ma ya saki baki yana kallon sama kamar bai san me ake cewa ba. Sai Afandi ya fara karantawa da ƙarfi. Ni ban san karatu ba, amma kalmomin nan da daɗi suke, har sojoji sun yi shiru. Da ya zo wurin tabo, sai ya ce kowa ya naɗe hannun riga."

Na zauna a kan bakin randa.

"An yi masa bulala hamsin saboda ƙarya. Sannan aka ba shi sabuwar riga, aka ce babban jirgi za a kai shi, wurin tuƙi."

Na ce, "Bai faɗa musu ƙa'idar bugaz ba? Tana cikin takardar, a layi na huɗu."

Gaballah ya dube ni kamar ni ne wawan. "Afandi ya ce shinkafa za ta iya jira."

"Me ya ce? Shi, me ya ce?"

"Ya ce a nuna masa takardar. Afandi ya yi dariya ya ce, 'Manomi ya iya karatu?' Amma ya nuna masa. Ya kalla, ya kalla, ya ce, 'Hannun Yayana ne.' Sai ya ga yatsan da ke ƙasa, ya ce na wane ne. Aka ce na matarka. Daga nan aka tura mu waje."

Juma'a, bayan la'asar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kasa fiƙe alƙalami.

Asabar, 4, da hantsi

Ban shimfiɗa tabarma ba. Na ce wa mata ba ni da lafiya.

Ƙa'idar tana nan, ban ƙirƙire ta ba. Abu Zaid yana raye, a je a tambaye shi. Ni ban yi ƙarya a takarda ba, su ne suka karya nasu. Wa zai san haka? Da ya aiko mini da saƙo. Da Madbuli ya faɗa mini da kyau. Da ita ma ta yi mini bayani a gida maimakon ta tsinka ni a gaban mata.

Ta yi mini bayani. Ta ce yana da dalilinsa.

An buɗe ƙofa. Yana ganin titi.

Gaballah ya rantse ba zai faɗa ba, amma sauran shidan suna da mata, matan kuma a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa da Zannuba. Na ce wa Inna zan koma in bi sawun takarda. Ta ce in tafi da kifin gishirin, kada ya lalace kafin ya zo.

Litinin, 6, Iskandariyya, bayan azahar

Na rubuta wani koken a kan gwiwata a bakin ƙofa. Ciwon ƙirji, ciwon ido, uwa tsohuwa, duk abin da nake yi wa mata dariya a kai na zuba. Na ce marubucin farko ya yi kuskure, ya haɗa mutum biyu. Rubutun ya karkace, ban damu ba.

Afandin ya gane ni tun daga nesa, har da murmushi. Ya karanta layi biyu ya miƙo mini.

Ya ce, "Sidi, waccan ta fi kyau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, don a sake shi na rubuta."

"Na sani."

"Ƙanena ne."

"Na sani, ai yana ciki. Yanzu wacce ce ƙaryar, wannan ko mai hatimi tara? In waccan ce, sai in aika a kamo fatake tara da kai na goma." Ya share hanci. "Kada ka damu, ba ya cikin masu wanke katako. Shugaban jirgi ya gwada shi, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ka faɗi gaskiya, duk abin da ka rubuta haka yake."

Na kama gefen rigarsa. Ni, Bayyumi, na durƙusa a cikin ƙura na kama rigar wani yaron ofis ina roƙon a bar ni in gan shi ko ta taga. Ya ce tun jiya an hana kowa sauka daga jirage. Na ba shi kifin ya kai masa, soja ya karɓe.

Talata, 7, da hantsi

Sun tashi.

Na tsaya a bakin teku cikin mata. Jirage sun fi ƙarfin ƙirga, suna fita ɗaya bayan ɗaya, ana buga igwa, ana kaɗa ganga. Mata na kiran sunaye, kowace nata, duk ya haɗe ya zama ƙara ɗaya. Wata kusa da ni ta ce, "Baba, naka a wanne yake?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kira dai, ko Allah zai sa ya ji." Na buɗe baki, na tuna abin da ya faɗa da ya ga takardar, na rufe.

Ba wanda ya san inda za su. Kowa dai yamma yake nunawa.

Alhamis, 9, bayan la'asar

Na sauka daga jaki na wuce gidansu kai tsaye, don na san in na fara shiga nawa ba zan fito ba. Inna na barci a ɗaki. Zannuba na tsakar gida tana tsince alkama ta Ashura. Da ta ga fuskata ta ajiye faifan.

Ta ce, "Matar Gaballah ta daina gaishe ni, in ta hango ni sai ta sauya hanya. Mene ne, Yaya? Ya mutu?"

Na ce yana raye, jirage sun tashi da shi. Sannan na zaro kwafin daga aljihu na ce mata akwai abin da zan karanta mata, ta bari in kai ƙarshe. Na karanta abin da ke rubuce. Shekara ashirin, jirage bakwai, launin ruwa, tabo. Ban tsallake harafi ba. Na faɗa mata rumfar, da aman, da bulalar, da mutum takwas a bakin ƙofa.

Na jira ta yi ihu. Na so ta yi, na so ta jefe ni da faifan, ta tara mini unguwa. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon takardar a hannuna.

Ta ce, "Wannan ce na sa wa yatsa?"

"Ita ce."

"Da kake karanta mini ran nan, idonka na kan takardar. Ina kallonka. Har kana bin layi da yatsa."

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ya ga yatsana?"

Da na iya cewa a'a. Gaballah ba zai faɗa ba. Na ce, "Ya gani. Ya tambaya, aka gaya masa."

Sai a nan ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ta ce, "To ya tafi yana zaton da sanina. Ya sha bulala kwana goma sha shida don ya dawo mini, ya tafi yana zaton ni na nuna shi."

Na ce zan rubuta masa wasiƙa. Zan faɗa masa komai, cewa ta ce manomi, ta nanata, ni na karanta mata abin da ba ya ciki. Na ce dole akwai jirgin da zai bi su da abinci, wani zai kai. Ina magana ina jin yadda maganar ba ta da ƙafa.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Rubuta. Yanzu, a nan."

Na zauna a ƙasa na rubuta. Gajeriya ce, babu ado ko ɗaya. Da na gama na gyara murya zan karanta mata, sai ta miƙo hannu.

"A'a, Sidi Bayyumi. Ba ni. Zan nemi wani ya karanta mini kafin in sa yatsa."

Ta yafa mayafi ta fita da ita. Ina nan zaune a tsakar gidan ina wannan rubutun, ba ta dawo ba. Inna ta farka, tana tambaya daga ɗaki ko muryar Shihata ce ta ji.